Shamuwa da Iska: Abin Lura ga Mutanen Ƙasar Daura

A ƙasar Daura, tun daga Baure har Mai'aduwa, da zarar shamuwa ta sauka kan kuka ko tsamiya wajen watan Mayu, manomi ya san damina ta ƙarato. Wasu 'yan boko kan ɗauki wannan a matsayin camfi, alhali kuwa ilmi ne tsantsa, wanda asirinsa ke cikin girman tsuntsu da halin iska.

Nauyin shamuwa ya ɗara kilo 1. Ita kuwa ba ta jure doguwar tafiya tana kaɗa fiffike, gama ƙarfinta zai ƙare. Saboda haka sai ta jira rana ta gasa ƙasa, iska mai zafi ta tashi, ta shimfiɗa fukafukai tana shawagi har ta yi sama ƙwarai, sa'an nan ta zurara gaba. Ta haka take baro kudancin Afirka, kamar Zimbabwe, inda takan zauna daga Nuwamba zuwa Maris, ta biyo sawun ruwa zuwa arewa, domin inda ruwa ya sauka nan fara da tsutsa ke yawaita. Farar 'yar'uwarta ta Turai ma, da yake irin wannan iska ba ta tashi a kan teku, sai ta kewaya ta mashigin Jibralta ko ta Turkiyya.

Tsattsewar Turai kuwa, wadda nauyinta wajen giram 20 ne kawai, dabararta daban ce. Da ƙarfin fiffikenta take ƙetare Bahar Rum da Sahara. Iska in ta biyo bayanta ta rage mata wahala, in ta tare ta sai ƙarfinta ya ƙare a tsakiyar hamada.

To, duk wannan hikima ba ta da amfani in baƙuwa ta iso ta tarar babu masauki. Shamuwa tana bukatar dogon itace mai ƙarfi da zai ɗauki sheƙarta, ga shi kuwa gatarin masu itacen girki bai bar manyan itatuwa sun huta ba. Lalle ya kamata hakimai da dagatai na masarautar Daura su hana saran duk itacen da shamuwa ke sheƙa a kai, iyaye kuma su tsawata wa yara masu harbi da danko. Garin da ya kori shamuwa, fara ya yi wa gata.