DAGA TAGAR MAKARANTA: Hatimi Uku Cikin Tsohuwar Kwansatina

 

Wata biyu da suka wuce muna sharar ɗakin ajiya na wata majami'a a ƙauye, tsakanin Malumfashi da Funtua, gama gara ta shiga. Samari suna ta kwasar karyayyun bencina suna tarawa domin a ƙone. Sai wani yaro ya fito da ƙaramin akwati, ya ce, "Malam, wannan ma a jefa a wuta?" Da na buɗe sai na ga kwansatina.

Yaran yanzu ba su san ta ba. Abin kiɗa ce mai kusurwa shida, girmanta bai fi ƙaramar ƙwarya ba. Tsakiyarta zugazugi ne na fata, kamar na maƙera, gefe da gefe kuwa katako ne mai maɓallai. In ka ja ko ka matsa, iska takan bi ta kan waɗansu siraran harsunan ƙarfe, su ne suke ba da murya. Wani Bature na Ingila, Charles Wheatstone, shi ya ƙago ta. Ya yi rajistar dabarar a 1829, ya kuma yi rajistar kwansatinar da ya kyautata a 1844. Da yake ba ta da nauyi, masu wa'azi a fili sun so ta ƙwarai, musamman 'yan ƙungiyar Sojojin Ceto a Ingila.

Na kai ta gida, na kwance kusoshi shida na gefe ɗaya a hankali. A ciki na tarar da shaida uku, kowace da labarinta.

Ta fari takarda ce 'yar ƙarama mai sunan waɗanda suka ƙera ta, watau Lachenal, a birnin Landan. Louis Lachenal mutumin ƙasar Siwizalan ne. Ya yi wa Wheatstone aiki, sa'an nan ya buɗe nasa kamfani a 1858. Kamfanin ya rufe a 1933. Ashe ke nan abin da yaron nan ya so ya ƙone ya haura shekara 90 a duniya.

Ta biyu hatimin wani mai gyara ne. Sunan ya goge, amma ana iya karanta "London, N.1". Wannan ɗan lamba ba ƙaramin taimako ba ne. A 1857 gidan waya ya raba Landan shiyya shiyya, kowace da harafinta, amma sai a 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka ƙara lambobi a bayan haruffan. Saboda haka an yi wannan gyara daga 1917 zuwa gaba. Shiyyar nan ta masu wannan sana'a ce. A can ne, a titin Liverpool na unguwar Islington, gidan Crabb suka yi ta ƙira da gyaran kwansatina, daga uba zuwa ɗa, har suka rufe a 1989. Turawa sun adana tarihin irin waɗannan mutane. Littattafan da kamfanin Wheatstone ya rubuta lambobin kayansa a ciki suna nan a gidan tarihi na Horniman a Landan, an kuma sa hotunansu a intanet, kowa yana iya dubawa.

Amma shaida ta uku ce ta hana ni barci. Hatimin roba ne da shuɗin tawada, irin wanda ake sassaƙawa a bakin kasuwa. Kyankyaso ya ci wurin sunan, saura "Funtua, North Central State". A ƙarƙashinsa an rubuta 7/6 da fensir.

To, ku zo mu yi lissafi tare, kamar a aji. An ƙirƙiri Jihar Arewa ta Tsakiya a 1967. A 1976 aka mai da sunanta Jihar Kaduna, a 1987 kuma aka cire Jihar Katsina daga cikinta. Hatimin ke nan bai riga 1967 ba. Rubutun 7/6 kuwa sule bakwai da sisi ne na tsohon kuɗi, naira da kwabo kuma sun shigo a watan Janairu 1973. Gaskiya ne tsofaffi sun ci gaba da ce wa kwabo goma sule, amma rubuta kuɗi da karkataccen layi a tsakani na zamanin fam ne. Watau tsakanin 1967 da 1972 wani mutum a Funtua ya buɗe wannan abu ya gyara shi.

Aikin hannunsa ma yana nan. Kusurwoyin zugazugin da suka tsage ya liƙe su da jar fatar akuya, wadda aka fere ta har ta yi laushi kamar takarda. Wani maɓalli da ya ɓace ya maye shi da ƙashi, ya goge shi sumul. Duk wanda ya san yadda hunturu yake busar da fata ya fasa katako, damina kuma ta sa ƙarfe tsatsa, ya san ba don mutumin nan ba da kwansatinar ta yi shiru tun da daɗewa.

Iyakar abin da hatimi ya iya faɗa ke nan. Saura sai bakin mutane. Na je wurin wata tsohuwa da ta yi shekaru tana ba da waƙa a zumuntar mata. Na ce, "Iya, kin tuna wanda yake gyara wannan?" Ta shafa ta, ta yi dariya, ta ce, "Ɗana, ai Mai Agogo ne. Rumfarsa tana kusa da tashar jirgin ƙasa. In ta lalace, Fasto yakan ɗaura ta a bayan keke ya kai masa."

Maganarta ta yi daidai da tarihin garin. Layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wanda aka gama a 1929, ya bi ta Funtua, cinikin auduga kuma ya tara akawuna da ma'aikata masu agogo da keke da garmaho. Inda irin waɗannan kaya suke, nan masu gyara suke zama. Iya ta aike ni wurin wani dattijo, tsohon tela, shi ne ya tuna da cikakken sunan mutumin da unguwarsu. Ya ce Musulmi ne, in lokacin salla ya yi yakan rufe rumfa, amma bai taɓa ƙin aikin majami'a ba. In ya gama gyara yakan sa Fasto ya kaɗa waƙa ɗaya a gabansa, domin ya tabbata muryar ta daidaita, kafin ya karɓi kuɗi. Mun rubuta sunansa a littafin ikkilisiya, tare da sunayen waɗanda suka ba da labarin.

Ku lura, mutum biyu kaɗai suka rage masu wannan labari, dukansu sun wuce shekara 80. Da mun yi jinkirin damina biyu ko uku, wataƙila da ba mu sami kowa ba.

Saboda haka ga roƙona. In kuna da tsohon abu a gida ko a majami'a, ko akodiyon, ko agogon bango, ko keken ɗinki, kada ku ƙone shi, kada ku kankare shi ko ku shafe shi da fenti kafin ku duba. Ku kwafe kowane rubutu da lamba yadda suke, ku ɗauki hotonsu da waya. Ku lura da sunan jiha, da irin kuɗi, da ƙasar da aka ƙera shi. Misali, in an rubuta Jamus ta Yamma, to, tsakanin 1949 da 1990 ne. In za ku kwance, ku jera kusoshin yadda kuka cire su, domin kowace ta koma raminta. Daga nan ku ɗauki abin ku kai wa tsofaffi, ku sa a hannunsu, gama hannu yakan tuna abin da kai ya manta. Ku tafi da yara su riƙe biro da takarda.

Wanda ya san wani mai gyaran kwansatina ko akodiyon a Funtua, Malumfashi, Bakori ko Ƙafur a shekarun baya, ya rubuto mini ta hannun Edita. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.