Kwalbar ƙarin jini da tukunyar miya

Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya a Maraɗi ko Damagaram ya san abin da ake riƙawa yanzu. Da can kwaryar fura ce, ko farfesun kaza, ko kunun tsamiya a rufe da faifai. Yau leda ce daga farmasi, da kwalbar siro mai launin jini da kwalin bitamin mai hoton lemu. Mai jego, da mai jinya, da ɗan makaranta mai shirin jarrabawa, kowa mun yanke masa hukuncin cewa jini yake nema, kuma jinin a kwalba yake. Tun da kuɗinmu ne ke fita, jikinmu ne ke karɓa, ya dace mu zauna mu tambayi kanmu abin da muke saye.

Za mu fara da gaskiyar da ke wajen kwalbar, don kada a ce ƙiyayya ce ta sa mu magana. Kakanninmu sun san dundumi, ciwon da ke hana gani da zarar rana ta faɗi, sun kuma san maƙoƙo, tun kafin wani masani, Casimir Funk, ya ƙago kalmar bitamin a 1912. Dundumi ƙarancin bitamin A ne, maƙoƙo kuwa galibi rashin aidin ne a abinci. A 1986 likitan ido Alfred Sommer da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi a Aceh ta ƙasar Indunusiya, inda aka ga ba yara bitamin A ya rage mace-macensu da kimanin kashi ɗaya cikin uku. Daga irin wannan bincike aka samo ɗan ƙwanson nan da ma'aikatan lafiya ke ɗiga wa yara a baki sau biyu a shekara, shuɗi ga ɗan wata 6 zuwa 11, ja ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar. Haka ƙwayar ƙarfe da folik asid da ake ba mai ciki wurin awo: tana kare ta daga ƙarancin jini, folik ɗin kuma, in an fara shi da wuri, yana kare jariri daga nakasar ƙashin baya. Haka zinki da ake haɗawa da ruwan gishiri da sukari ga yaro mai zawo, kwana 10 zuwa 14. Kuma mutanen Maraɗi ba za su manta da 2005 ba, shekarar da kullin gyaɗar nan mai bitamin ya tashi dubban yara daga tamowa.

Sai dai mu lura da abu guda. Duk waɗannan an san wa ake ba, an san nawa, an san dalili, kuma mafi yawansu kyauta ne ko araha. Abin kunya, su ne muka fi rainawa. Mace ta karɓo ƙwayoyin awo ta cusa ƙarƙashin katifa, wai suna sa ta tashin zuciya ko suna sa ɗa ya yi girma a ciki, sannan mijinta ya cire jaka uku ya sayo mata siro saboda kwalbar ta fi kyau. Mun ɗauka tsada ita ce inganci.

Ina wannan siro ya fito, kuma a hannun wa ya kwana? Da yawansa a faranti yake bisa kan mai talla, ko a shimfiɗe a tabarma bakin tasha, yana shan ranar watan Afrilu da ke haura digiri 40. Zafi da haske suna cinye bitamin C da wasu daga dangin B tun kafin a buɗe murfi. Wannan idan har an zuba su ke nan tun farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2017 cewa kimanin ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci. Rubutun “an yi a Amurka” ma kada ya ruɗe mu. Tun dokar 1994, kamfani a can yana iya fitar da ƙwayoyin ƙarin abinci kasuwa ba tare da ya tabbatar wa hukuma cewa suna aiki ba, saɓanin magani.

Akwai wanda ya fi wannan muni, kuma a ɗakunan ƴan'uwanmu mata yake. Abin da ake kira bitamin na ƙiba, ko “sha ka fashe”, sau da yawa bitamin ɗin mayafi ne kawai. A ciki akwai siproheptadin, maganin ƙaiƙayi mai sa barci da yunwa, ko deksametazon, wanda ke kumbura fuska, ya tayar da hawan jini da ciwon suga, ya raunana ƙashi. Budurwa na sha don ta cika ido ranar biki. A nan laifinmu ya fi na mai talla, don mu ne ke kallon siririyar amarya mu ce gidansu ba a ci.

Ko bitamin na gaske, idan ya wuce kima, yana cuta. Wanda ke narkewa cikin ruwa, kamar C, rararsa fitsari take bi, kuɗin ya tafi masai. Bitamin A da D kuwa jiki na tara su, kuma yawan A ga mai ƙaramin ciki na iya nakasa ɗan tayi. Ƙwayoyin ƙarfe da yaro ya tsinta ya haɗiye da yawa, yana zaton alewa ce, suna iya kashe shi. A Finlan, binciken da aka fitar a 1994 ya nuna mashaya taba da aka ba ƙwayar beta-karotin sun fi waɗanda ba a ba ba kamuwa da sankarar huhu.

Amma babbar asarar, a ganinmu, ita ce jinkiri. Yaro ya yi fari fat, tafin hannunsa ba jini, sai a ce a ba shi ƙarin jini. To, me ke shanye jinin? Cikin damina yawanci zazzaɓin cizon sauro ne, wani lokaci tsutsar ciki, wani lokaci amosanin jini. Ana ɗura siro mako biyu, cutar na ci gaba da ɓarnarta, har a isa asibiti lokacin da sai an nemi mai ba da jini.

Mu koma madafi. Hatsinmu yana da ƙarfe da zinki, har ma a 2018 aka fitar a Nijar da wani irin gero mai suna Chakti, wanda masu bincike suka zaɓa saboda yawan ƙarfensa. Ga wake, ga zogale da rama da yakuwa, ga hanta da ƙwai da nono, ga farar da ake soyawa a kasuwannin Maraɗi. Garin ƴaƴan kuka da yara ke tsotsa ya fi lemu bitamin C. Mangwaro da kabewa da manja suna ba jiki abin da yake haɗa bitamin A da shi. Ba mu ce kowa na da halin cin waɗannan ba, ballantana a tsakiyar damina da rumbu ya yi ƙasa, kuma dalilin da ya sa rabon asibiti yake wajibi ke nan. Amma mai jaka ukun siro yana da kuɗin hanta da ƙwai.

Har a tukunyar muna da gyara. Kanwar da muke zubawa don ganye ya yi laushi tana kashe bitamin C da B1, doguwar dahuwa ta ƙarasa sauran. Shayin da muke ɗorawa a fada da zarar an ture kwanon tuwo yana hana jiki tsotsar ƙarfen da ke cikin hatsi da wake. Jinkirta shi da sa'a guda ya isa ya rage ɓarnar, matsa lemun tsami a abinci kuwa yana ƙara tsotsar. Gishirin gargajiya da muke ƙauna ba a saka masa aidin ba, don haka ya kamata a sami mai aidin a gida, a rufe shi, a kau da shi daga rana da laima. Hantar nan kuma, da al'ada ta kai kwanon maigida, a riƙa gutsura wa ɗan yaye da mai shayarwa tun kafin a fitar da kwanon zaure.