iPad ta yi kama da kwamfuta, amma mai haɗa manhaja har yanzu sai ya sayi Mac

Duk wanda ya ɗora iPadOS 26 da Apple ya saki a 2025 ya ga canjin: ana buɗe manhajoji da yawa a allo ɗaya, a ja wannan gefe, a rage girman waccan, kamar dai a laptop. Aka haɗa mata kibod da maus, wanda ya hango daga nesa zai rantse kwamfuta ce. Sai dai matashin da ke son ya koyi haɗa manhaja, ba kallon bidiyo kaɗai ba, zai gane bambancin tun ranar farko.

Xcode, wato babbar manhajar da ake gina manhajojin iPhone da ita, a kan Mac kaɗai take aiki. Abin mamakin shi ne tun a 2021 aka saka wa iPad Pro M1, irin ƙwaƙwalwar da ke cikin MacBook Air na wancan lokacin. Ƙarfi dai akwai, kamfanin ne bai ga dama ba. Gaskiya ne akwai Swift Playgrounds, wadda tun ƙarshen 2021 ake iya tura manhaja zuwa App Store da ita, amma ta koyo ce da ƙananan ayyuka.

Ko mutum ya samu Mac ɗin, da sauran rina a kaba. Kafin manhajarsa ta shiga App Store sai ya biya dala 99, kuma duk shekara. Ranar da ya kasa sabuntawa, manhajar ta ɓace daga kantin. A Najeriya wannan kuɗi ya kai kusan albashin wata biyu na mai karɓar mafi ƙarancin albashi, naira 70,000. Google kuwa dala 25 yake karɓa sau ɗaya, kuma Android Studio kyauta ce a Windows da Linux da Mac. Ba abin mamaki ba ne ɗalibi a Kano ko Zariya ya fara da Android a kan tsohuwar laptop ta hannu.

Microsoft ya riga ya sha wannan darasi. A 2012 ya fito da Windows 8 domin ta yi aiki a tablet da kwamfuta lokaci guda, ya kuma so Visual Studio Express ta kyauta ta tsaya kan sabbin manhajojin taɓa allo, mai son gina na kwamfuta ya sayi mai tsada. Masu haɗa manhaja suka yi ca, kamfanin ya janye kafin a je ko'ina. Surface RT kuma, wadda ba ta karɓar tsofaffin manhajojin Windows, ta yi kwantai har ta jawo asarar kusan dala miliyan 900 a 2013. Shekara ɗaya bayan haka aka saki Visual Studio Community kyauta ga ɗaiɗaikun mutane.

Masu kare Apple na cewa kuɗin rajistar na rage 'yan damfara, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. To amma wannan hujjar ba ta bayyana dalilin hana Xcode hawa iPad ba. Wanda ya riga ya kashe kuɗin iPad Pro da kibod ɗinta, wanda ya kai na MacBook Air ko ya wuce, ana ce masa ya koma shago ya sayi na'ura ta biyu mai irin ƙwaƙwalwar da ke hannunsa.