Daga Bakin Allo: A Duba Kafin A Sa Hannu

Tun 2017 gwamnatin Gana ta ɗauke mana kuɗin sakandare, amma yara sun fi gurbi yawa. Kowane uba a nan Tamale so yake ɗansa ya shiga Tamasco, wadda aka kafa a 1951, ko Ghanasco. To, kwamfuta ke rabon makarantu, sakamakon BECE da zaɓin yaro take dubawa, ba ta san ɗan wane ba. Sau nawa na ga uba ya dangwala yatsa a takardar zaɓi bai san abin da ke ciki ba! Kalpohin da Vitting da Bisco ma na gwamnati ne. Don Allah ku zo mu zauna, mu auna ƙoƙarin yaro da kuɗin mota tukuna. Allah Ya sa mu dace.