Turba Da Burtali: Wa Ke Da Hanya?

A hutun da ya wuce na je gida, na ari keken ƙanena don in gangara fadama kamar yadda muka saba tun muna yara. Ban yi rabin mil ba sai na yi kiciɓis da waya mai ƙaya, an gitta ta bisa turbar da kakanninmu suka bi. Ashe wani mai hali ne daga birni ya sayi gonaki uku, ya haɗe su ya dasa mangwaro, turbar da ta ratsa tsakaninsu kuwa ta shige cikin ciniki ba tare da an ambace ta ba. Yanzu yaran da ke kai abinci fadama sai sun zagaya ta bakin kwalta, inda manyan motoci ke sheƙa gudu. Na tambayi mai unguwa, ya ce shi dai gona aka sayar a gabansa, ba a sayar da hanya ba, amma kuma babu takardar da ta ce akwai hanya a wurin. Wannan magana tasa ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai sun fi ni sanin cewa Bahaushe bai rasa sunayen hanya ba. Akwai gwadabe, akwai turba, akwai lungu, akwai kuma burtali, watau hanyar shanu da ake bari tsakanin gonaki, a kan dasa mata shinge dama da hagu. Kowane suna a cikinsu alkawari ne tsakanin mai ƙasa da mai wucewa. Illar ita ce alkawarin a ka yake, ba a takarda ba, kuma a zamanin nan takarda ta fi furfura ƙarfi a gaban alƙali.

Bari mu duba wata ƙasa da ta taɓa shiga irin wannan hali, watau Ingila. A can ma masu ƙasa sun daɗe suna tsare tuddai da dazuzzuka don farautar wata tsuntsuwa mai kama da makwarwa, suka zuba masu gadi da sanduna. Ran 24 ga Afrilu, 1932, mutane wajen 400, galibinsu samari ma'aikata daga Manchesta, suka hau tudun Kinder Scout da gangan, bisa jagorancin wani saurayi mai suna Benny Rothman. Aka yi 'yar dambarwa, aka ɗaure biyar daga cikinsu. Ɗaurin nan kuwa sai ya ƙara wa maganar ƙarfi. A 1949 majalisa ta yi doka wadda ta tilasta wa hukumomin larduna su zana taswirar kowace hanya da jama'a ke da hakkin bi. Abin da ya shiga taswirar nan ya zama hujja a kotu. Yau a Ingila da Wales akwai irin waɗannan hanyoyi kimanin mil 140,000.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙananan ƙa'idojin. Gona ta manomi ce, amma in turba ta ratsa ta ya kuma nome ta, tilas ya mayar da ita cikin kwana 14. Hanyar da jama'a suka shekara 20 suna bi a fili ba wanda ya hana su, doka na ɗaukar ta zama ta jama'a. Kibiya rawaya na nuna hanyar ƙafa, shuɗiya na nuna hanyar doki, wadda dokar 1968 ta yarda wa mai keke ma ya bi.

A lardin Norfolk, gabashin ƙasar, an haɗa wata tsohuwar hanyar Rumawa mai suna Peddars Way da hanyar gaɓar teku, aka buɗe su tare a 1986. Mai tafiya zai keto karkara tsakanin gonakin sha'ir da alkama, ya faɗo bakin teku, sa'an nan ya bi ta kan ganuwar ƙasa da aka tayar don tare ruwa, teku a gefe guda, fadama a ɗaya gefen. Inda taɓo ya yi yawa, kamar wajen Brancaster, an shimfiɗa katako. Fadamar Cley kuwa tun 1926 wasu mutane suka haɗa kuɗi suka saye ta domin tsuntsaye kawai. Masu keke kuma an ba su tsohon layin dogo da jirgi ya daina bi, mil 26 daga Norwich zuwa Aylsham. Har wa yau, da yake teku na cin gaɓar lardin nan kowace shekara, dokar 2009 da ta ba da umurnin a zagaye gaɓar Ingila duka da hanya, wajen mil 2,700, ta ce in gaɓa ta zabtare hanya na iya ja da baya ta shiga cikin ƙasa. Watau dai teku na iya cinye ƙasa, amma ba ya cinye hakkin wucewa.

Na san abin da wani zai ce. Zai ce yawon buɗe ido da kallon tsuntsaye sana'ar ƙosassu ce, sai da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Gaskiya ne, kuma ba na cewa Ingila ta gama gyara kanta, gama har yanzu mafi yawan ƙasarta a rufe take ga talaka, sai dai ya bi siririyar turba ya wuce. Amma wannan hujja a gare ni ta fi goyon bayana. In mutanen da ke bin turba don shan iska sun ga ya kamata su kāre ta da doka, ina ga mu da muke bin ta don neman abinci? A wurinmu turba ita ce hanyar rijiya, da ta kasuwa, da ta makaranta, da ta asibiti. Malamin makaranta da malamin gona a kan Raleigh suka ratsa ƙasar nan kafin babur ya yawaita, kuma har gobe wanda ba ya iya sayen mai, keke ne motarsa.

Burtali kuwa maganarsa ta wuce ta gajiya, ta kai ta jini. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyayu a 1965, amma duk wanda ya fito daga karkara ya san inda aka kwana. Ba na ɗora wa manomi laifi shi kaɗai. Jama'a ta yawaita, gado ya yayyanka gonaki, wanda ke da 'ya'ya goma da kadada guda in ya dubi burtali ƙasa yake gani tana zaman banza. Bana ya ci kunya ɗaya, baɗi ya ci biyu, maƙwabcinsa na ƙetare ya yi haka, sai a wayi gari saniya ba ta da inda za ta sa ƙafa sai cikin gero. Maƙwabtanmu na Nijar sun yi doka kan kiwo a 2010, kuma a wurare da dama sun kafa ginshiƙan siminti suna nuna iyakar burtali. Ba su gama da rigima ba, amma aƙalla akwai abin da za a nuna da yatsa.

Mu ma fa muna da fadamar da ta isa a yi alfahari da ita. Tsakanin Haɗeja da Nguru, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke bazuwa kafin su zama kogin Yobe, tsuntsayen Turai na sauka dubbai kowane hunturu, a wurare irin Baturiya da Dagona. A shekarar 2000 tafkin Nguru ya zama wuri na farko a Nijeriya da ya shiga jerin fadamun da duniya ta yi yarjejeniyar kārewa. Amma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ambaliya ta sāke hali, kacala ta toshe magudanai, masunci da manomi da makiyayi suka matsu a wuri guda. Da an shata hanyoyin ƙafa da na keke da na shanu a nan, baƙo mai kallon tsuntsaye shi ne zai zo na ƙarshe a cikin masu cin moriya.

To, ina ruwan Sashen Hausa da wannan? Taswirar nan ta Ingila ba daga sama ta faɗo ba, majalisun ƙauyuka da 'yan sa kai ne suka bi hanyoyi da ƙafa, suka rubuta abin da mutanen wurin suka sani. Mu kuwa kowace shekara muna fita karkara da rakoda muna tattara tatsuniyoyi da kirari da waƙoƙin daɓe. Shawarata ita ce duk ɗalibin da ya fita ya ƙara tambaya guda: ina turbobin garin nan da burtalinsa suka bi, mene ne sunayensu, wa ya shaida? A rubuta, mai gari ya sa hannu, a ajiye kwafi a sashe, a kai ɗaya ƙaramar hukuma. A garinmu dattawa biyu suka rage waɗanda suka san inda burtali ya bi kafin a yi kwalta, ɗayansu ma ido ya fara gaza masa. Na yi da su zan koma da kaka, in an cire amfanin gona, mu bi shi da ƙafa tun daga ƙofar gari har mashaya.