Kafin a ce kwamfuta ta tsufa



A makon jiya, bisa hanyata ta zuwa Agiye, na yada zango a Cadawa wajen wani aminina mai fataucin aya da wake, wanda ke da masu yi masa awo har Gazawa da Gidan Rumji. Na tarar da shi cikin ɓacin rai. Ya so kwamfuta guda ta zama uwar garke, wato wadda za ta riƙe lissafin buhunan da suka shiga sito da waɗanda suka fita, sauran kwamfutocin shago su riƙa buɗe shafin daga gare ta. Ɗan ƙanensa, wanda ya yi karatu a Maraɗi, ya kwana uku yana fama, amma manhajar Apache ta ƙi tashi. Har wani mai gyara ya yanke hukunci: injin ya tsufa, sai a sayi sabo.

Alhali kuwa injin lafiyarsa lau. Da yake kuɗin intanet na da ciwo, mun saba da karɓar manhaja hannu da hannu a kile. Yaron ya samo Apache wajen abokinsa, ita kuwa PHP, wadda ke sarrafa lissafin, ya ɗauko ta da kansa. Sunayen daidai ne, zubin ne ya sha bamban, kamar wanda ya sayo kayan gyaran Peugeot 404 zai ɗaura wa 504.

Ga mai aiki da Windows, alamomi uku ake dubawa a sunan ƙunshin kafin a kwance shi. Ta farko x86 ko x64: tasa Apache ta 32 ce, PHP kuwa ta 64, kuma ɗaya ba ta iya ɗaukar ɗaya. Ta biyu ita ce ta fi ruɗa mutane, TS ko NTS. A kan Windows, Apache takan saurari masu buƙata da yawa lokaci guda cikin ɗaki guda, tamkar magatakarda goma a kan rajista ɗaya. Saboda haka sai PHP mai alamar TS, wadda aka gina domin kada wani ya yi rubutu bisa layin wani. Ƙunshin NTS ma ba ya zuwa da fayil ɗin php8apache2_4.dll, wanda shi ne igiyar da ke ɗaure su. Yaron nan ya ɓata yini guda yana neman abin da ba a taɓa sa masa ba.

Ta uku, VS16 ko VS17, ta yi sauƙi yanzu. A 2009, zamanin PHP 5.3, zaɓi tsakanin VC6 da VC9 ya wahalar da ma'aikata da dama, har aka daina fitar da VC6 a 2011. Yau sai dai a tabbata an sa Visual C++ Redistributable na baya-bayan nan.

Muka ɗauko Apache 2.4 ta 64 daga Apache Lounge, da PHP mai TS. Muka rubuta httpd -t, ta amsa babu kuskure. Kafin la'asar buhun farko ya shiga lissafi.

Ina roƙon shugabannin ma'aikatu da ƴan kasuwa, duk wanda ya ɗaura muku irin wannan aiki, ku sa ya rubuta alamomin nan uku a takarda, ya sa hannu, a ajiye tare da rasit. Aminina ya liƙa tasa a jikin injin da aka ce ya tsufa.