Tambayar da ta kamata a yi wa yaro a gidan tarihi

Duk wanda ya taɓa tarar da ɗaliban firamare a gidan adana kayan tarihi ya san yadda ziyarar ke gudana. A jera yara sahu biyu, malami na baya yana tsawatarwa, jagoran gidan na gaba yana zuba bayanin da ya haddace tun shekarar da ya kama aiki. Idan an kai ƙarshen ɗaki sai ya juyo ya ce, "A wace shekara na ce an gina wannan?" Yaro ɗaya ya ɗaga hannu, a tafa masa, a wuce. Sauran arba'in ɗin kuwa hankalinsu na kan motar da za ta mayar da su.

Irin wannan tambaya ba ta buƙatar kayan tarihin da aka zo gani. Amsarta na kan takardar da aka manna a bango, kuma da a aji aka yi ta da babu abin da za a rasa, har kuɗin mota ma an huta. Hausawa sun ce gani ya kori ji, to amma an kai yaro gaban abin gani an hana shi kallo, an mayar da shi ga ji.

Kayan Nok sun isa misali. A shekarar 1928 masu haƙar kuza suka tono wani kai na gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yanzu. A 1943 aka sake samun wani a yankin Jema'a, wanda ya tsince shi ya kafa shi a gonar doya ya zama mutum-mutumin korar tsuntsaye, kafin ya isa hannun Bernard Fagg. Abin da Fagg ya yi shi ne ya dubi wannan kai, ya tuna da na farko, ya lura da kamannin da ke tsakaninsu. Daga wannan kallo aka gano wata al'umma da ta rayu fiye da shekara dubu biyu da suka shige, kuma Fagg ɗin ne ya kafa gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952. Ilimin Nok da ido ya fara.

Saboda haka idan aka tsayar da yara gaban ɗaya daga cikin waɗannan kawuna, tambayar shekarar da aka gano shi ita ce mafi ƙarancin amfani. A ce musu, me kuke gani a fuskar nan? Wani zai ambaci kitson, wani zai ce idanun a huje suke, haka hanci da baki. Sai a ce, me zai sa mai gini ya huda su? A ajin da ke da ɗiyar maginiyar tukwane, akwai yiwuwar ita ce za ta ce yumɓu kan fashe a wuta idan iska da danshi suka rasa mafita, wanda kuma shi ne ɗaya daga cikin dalilan da masana ke bayarwa. Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu a darasin tarihi ba ta zama malamar ajin na minti biyu, da ilimin da ta ɗauko daga tsakar gidansu.

Wannan hanya ba sabuwa ba ce. Philip Yenawine, wanda ya shugabanci sashen ilimi na gidan adana zane-zanen zamani da ke New York a Amurka, ya gano cewa baƙi na jin daɗin jawaban da ake yi musu amma ba sa riƙe abin kirki. Shi da Abigail Housen, masaniyar halayyar ɗan Adam, suka tsara salon da ya tsaya kan tambayoyi uku kacal: me ke faruwa a nan, me ka gani da ya sa ka faɗi haka, me kuma za a iya ƙara ganowa. Ta biyun ita ce gishirin. Ita ke hana yaro shaci-faɗi, ta tilasta masa nuna hujjarsa a jikin abin da ke gabansa.

Akwai kuma batun shiru. Binciken Mary Budd Rowe a farkon shekarun 1970 ya nuna cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya bayan sun yi tambaya, kuma idan suka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi kan yi tsawo, masu amsawa su ƙaru. A wurin da aka tarbiyyantar da yaro kan kada ya tsoma baki gaban babba, daƙiƙa uku ma ta yi kaɗan. Idan kuma da Turanci aka jefo tambayar, kunya ta zama biyu. A yi ta da harshen da yaro ke tunani da shi.

Masu aikin za su ce ɗalibai sun yi yawa, lokaci ya yi kaɗan, kuma yara na iya komawa gida da bayanin kuskure. Ƙorafin farko gaskiya ne, kuma maganinsa shi ne a haƙura da zagaye gidan gaba ɗaya, a zaɓi abu uku ko huɗu a tsaya kansu. Na biyun kuwa bai kama ba, domin babu wanda ya ce jagora ya ɓoye abin da ya sani. Lokacin faɗinsa kawai ake so ya sauya. A Gidan Makama da ke Kano, yaron da aka fara tambaya me ya sa gari zai buƙaci ganuwa da ƙyaure mai nauyi haka, kuma wane ne ake tsoro, zai karɓi labarin Sarki Muhammadu Rumfa da na shigowar Turawa a 1903 da kunnen mai neman amsa.

Nijeriya ta daɗe tana fafutukar dawo da kayan Benin da sojojin Birtaniya suka kwashe a 1897. Jamus ta miƙo wasu a Disambar 2022, Holan ta dawo da guda 119 a 2025. Darasin tarihi ma, da aka cire daga manhajar ƙananan makarantu tsawon shekaru, an mayar da shi. Ke nan yaran da za su riƙa zuwa waɗannan gidaje ƙaruwa za su yi. Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, na da jami'an ilimi a gidajenta. Horar da su kan yin tambaya da jure wa shirun da ke biyo bayanta ba ya buƙatar sabon gini ko na'ura daga waje, kuma ana iya fara shi kafin zangon karatu mai zuwa.